Baƙon da ya zama ɗan gida: tarihin koren da ke cikin ganye

Idan ka tsinko ganyen alayyafo, ka yanka shi siriri, ka ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato maikuroskof, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ganyen ba kore ba ne gaba ɗayansa. Za ka ga ɗakuna-ɗakuna a jere kamar bulo, su ne ƙwayoyin halitta, kuma mafi yawan cikinsu garau yake kamar ruwa. Koren yana tattare ne a cikin wasu 'yan ƙulle-ƙulle da suka raɓe a jikin bango, gomomi a kowane ɗaki. Sunansu kuloroflas. A cikinsu ne tsiro yake haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid, da taimakon hasken rana, ya samar da sukari, ya saki iskar oksijin da kake shaƙa. Tuwon da ka ci jiya, na masara ne ko na dawa ko na shinkafa, daga nan ya faro.

A makaranta an koya mana cewa kuloroflas sashe ne na ƙwayar halittar tsiro, kamar yadda madafa take sashe na gida. Haka ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kakan kuloroflas ba ɗan gidan ba ne. Bakteriya ce mai zaman kanta a ruwa, wata ƙwayar halitta ta haɗiye ta fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, ba ta narkar da ita ba, suka ci gaba da zama tare. Ana cewa baƙo raɓa ne, to wannan baƙon dai bai tafi ba. Yau babu masanin tsirrai da ke musun wannan. Amma daga ranar da aka fara furta maganar zuwa ranar da aka yarda da ita, an ɗauki shekara kusan casa'in, kuma an yi wa masu faɗarta dariya sosai.

Maganar da aka ɓoye a ƙasan shafi

Ganin koren ba shi ne matsala ba. Tun 1674 Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar tufafi a Holan, ya leƙa ruwan tafki da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya ga gansakuka mai koren zare a murɗe a cikinta. A 1817 wasu masana haɗa magani biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke ba ganye launi suka sa masa suna kulorofil. Ka riƙe sunayensu, domin su ne kuma suka tace maganin kwinin daga ɓawon itace a 1820, kuma zazzaɓin cizon sauro zai shigo labarin nan ta wata ƙofa da ba ka zata ba. A shekarun 1860 Julius von Sachs ya nuna cewa sitaci yana taruwa ne a cikin waɗannan ƙulle-ƙullen idan akwai haske, ya ɓace idan an ajiye tsiron a duhu. An san aikinsu ke nan. Daga ina suke fitowa, wannan ce tambayar da ta rage.

Zaton da ya fi sauƙi shi ne ƙwayar halitta ce ke ƙera su duk lokacin da take buƙata. A 1883 wani matashin masanin tsirrai a Bonn ta Jamus, Andreas Schimper, ya zauna ya bi su da ido tun daga kan tsiro inda sababbin ƙwayoyin halitta ke fitowa. Bai taɓa ganin an ƙera ko ɗaya daga babu ba. Kowane kuloroflas daga wani yake fitowa, yana tsukewa a tsakiya ya rabu biyu. Ya kuma lura cewa dangi ne masu sauya riga: akwai kore, akwai marar launi mai tara sitaci, akwai mai ja ko ruwan ɗorawa, kuma wannan yana iya komawa wancan. Kai ma ka sha gani ba ka sani ba. Tumatir da attaruhu idan suna nuna, koren kuloroflas ne ke rikiɗa ya koma ja. Dankalin turawa idan ya daɗe a haske ya yi kore, rumbunan sitacinsa ne suka koma kuloroflas.

To wane abu ne kuma yake yaɗuwa ta hanyar rabuwa biyu? Bakteriya. Schimper ya ga kamar, amma bai sa ta a tsakiyar rubutunsa ba. A ɗan bayanin ƙasan shafi ya ce idan ta tabbata ba a ƙera kuloroflas sabo ko a cikin ƙwan tsiro, to alaƙarsa da tsiron za ta yi kama da zaman tare na halittu biyu. Tunanin bai faɗo daga sama ba. A 1867 Simon Schwendener ya nuna cewa wannan abu mai kamar ɓawo da ke fitowa a jikin duwatsu da kututturen bishiya, wanda ake kira laikin, halittu biyu ne a haɗe, dangin funfuna da gansakuka. Shi ma sai da aka yi ta musu da shi. Schimper dai bai ƙara bin maganar ba, ya koma nazarin yadda tsirrai suka bazu a duniya.

Wanda ya ɗauko ta ya yi mata gini shi ne Konstantin Mereschkowski na Jami'ar Kazan a Rasha, a wata maƙala ta 1905. Ya ce kai tsaye kuloroflas sayanobakteriya ce, wato irin bakteriyar nan mai launi tsakanin kore da shuɗi da ke sa ruwan kududdufi ya yi kore shar. Hujjojinsa: suna kama a siffa, dukansu suna rabuwa biyu, dukansu suna haɗa abinci da haske, kuma akwai halittu da yawa da aka sani suna ɗauke da gansakuka a cikin jikinsu suna cin moriyarta. A ganinsa tsiro ba komai ba ne illa dabba da ta sami bayi kore masu yi mata noma a ciki. Har misali ya buga da zaki da bishiyar dabino: da za a zuba wa zaki waɗannan korayen a jikinsa, da sai ya kwanta a rana ya daina farauta.

A nan dole in faɗa maka wani abu game da mutumin, don littattafai kan tsallake shi. Mereschkowski ba mutumin kirki ba ne. Mai tsananin wariyar launin fata ne, kuma a 1914 ya gudu daga Rasha bayan an zarge shi da lalata da ƙananan yara. Ya kashe kansa a wani otal a birnin Janiba a 1921. Ya faɗi daidai game da kuloroflas, kuma wannan bai wanke shi daga komai ba. A kimiyyar ma ba ko'ina ya dace ba: ya ƙi yarda cewa maitokondiriya, sashen da ke ƙona abinci ya ba ƙwayar halitta ƙarfi, ita ma daga bakteriya take, alhali haka ne.

Me ya sa aka ƙi yarda?

Yana da sauƙi mu zauna yau mu ce masanan wancan zamani masu taurin kai ne. Ni ban ga haka ba. Duk hujjar da aka kawo ta kama ce, kuma kama da wane ba ta wane. Babu wanda ya san DNA ce ke ɗauke da gado a lokacin, balle a auna ta. Sannan masu goyon bayan maganar sun ɓata ta da kansu. Paul Portier a Faransa a 1918, da Ivan Wallin na Jami'ar Kolorado a Amurka a shekarun 1920, sun ce maitokondiriya bakteriya ce, kuma sun ce sun raine ta a faranti a wajen ƙwayar halitta. Abin da ya tsiro musu a faranti bakteriyar waje ce da ta gurɓata gwajin. Da aka gano haka, sai aka haɗa har da gaskiyar aka zubar. A 1925 Edmund Wilson, wanda littafinsa kan ƙwayar halitta shi ne madogarar kowa a lokacin, ya rubuta cewa mutane da yawa za su ga irin wannan hasashe ya yi kama da tatsuniya da bai kamata a kawo shi zauren masana ba, ko da yake ya bar ƙofa cewa wata rana ana iya waiwayarsa.

Akwai wata alama da ta fito tun 1909 wadda ba a haɗa ta da wannan magana ba sai daga baya. Carl Correns yana aiki da wani fure mai suna Mirabilis jalapa, wanda wani reshensa kore ne, wani fari, wani rodi-rodi. Ya ga launin 'ya'yan yana bin reshen da ya ɗauki iri ne kawai, wato uwa. Ko daga wane reshe aka kawo garin furen namiji, babu abin da ke sauyawa. Wannan ya saɓa wa dokokin gado na Mendel, inda uwa da uba kowa ke ba da rabi. A shekarar dai Erwin Baur ya ga makamancin haka a wani furen, ya ce kuloroflas ɗin ne da kansa yake ɗauke da gadonsa. Ka ga sashen gida mai nasa gadon daban, ai da alamar tambaya.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu kayan aiki suka iso. A 1948 aka gano cewa idan aka zuba maganin kashe bakteriya na streptomycin a kan Euglena, wata ƙaramar halittar ruwa mai kore, sai ta yi fari fat, ita da zuriyarta har abada. Maganin bakteriya ya kashe kuloroflas ya bar mai gidan. A 1962 Hans Ris da Walter Plaut na Jami'ar Wisconsin suka yi amfani da maikuroskof mai aiki da lantarki suka ga zaren DNA a cikin kuloroflas na wata gansakuka, a warwatse ba cikin jaka ba, daidai yadda yake a bakteriya. A wannan tsakanin kuma aka gano kuloroflas yana da nasa injinan ƙera furotin, raibosom, kuma ƙanana ne irin na bakteriya, ba irin na sauran ƙwayar halittar ba.

Wadda ta tattara duk wannan ta yi masa tsari ɗalibar Ris da Plaut ce. Lynn Margulis, a lokacin tana amfani da sunan Lynn Sagan, tana da shekara 29 maƙalarta ta fito a 1967 a mujallar Journal of Theoretical Biology, bayan mujallu kusan goma sha biyar sun mayar mata da ita. Ba ita ta ƙirƙiro tunanin ba, kuma ta ambaci waɗanda suka riga ta. Abin da ta yi shi ne ta mayar da shi abin da za a iya gwadawa: in dai gaskiya ne, to DNA ta kuloroflas za ta fi kusa da ta sayanobakteriya a kan ta cibiyar ƙwayar halittar da yake zaune a ciki. Mace ce mai kafiya, kuma kafiyar ta yi mata rana a nan. A wani wurin ta kai ta ga kuskure: har ta rasu a 2011 tana kan cewa 'yar wutsiyar da wasu ƙwayoyin halitta ke iyo da ita, irin ta maniyyi, ita ma daga wata bakteriya take. Ba a taɓa samun DNA a wutsiyar ba, kuma masana ba su karɓi wannan ba.

Hukuncin ya zo a 1975. Linda Bonen da Ford Doolittle a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka karanta guntayen sinadarin RNA na raibosom ɗin kuloroflas na wata jar gansakuka, rukunin Carl Woese a Amurka kuma suka yi na Euglena. Sakamako ɗaya: dangin bakteriya ne, ba dangin mai gidan ba. Nazarin da ya biyo baya ya ajiye shi a cikin zuriyar sayanobakteriya.

Yadda baƙo ya rasa hanyar gida

Wataƙila kana tambaya, in bakteriya ce, me ya hana a ciro ta a raine ta a faranti kamar yadda Wallin ya so? Amsar ta fito ne a 1986, lokacin da rukunoni biyu a Japan, ɗaya a Nagoya ɗaya a Kyoto, suka karanta DNA ta kuloroflas daga farko har ƙarshe. Ta ganyen taba tana da haruffa kimanin 156,000, ƙwayoyin gado ɗari da 'yan kai. Bayan shekara goma aka karanta ta wata sayanobakteriya mai zaman kanta, Synechocystis: haruffa fiye da miliyan uku da rabi, ƙwayoyin gado fiye da 3,000. Ina sauran suka tafi?

Wasu sun ɓace saboda wanda ake ciyarwa ba ya buƙatarsu. Da yawa kuma sun ƙaura zuwa cibiyar ƙwayar halittar mai gida. Wani nazari na 2002 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 18 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon tsiron Arabidopsis daga sayanobakteriya suka samo asali. Yanzu mafi yawan furotin da kuloroflas ke aiki da su a waje ake ƙera su, a liƙa musu wata 'yar alama kamar adireshi, a shigo da su ta ƙofofin da ke jikin tantaninsa biyu. Misalin da na fi so shi ne Rubisco, furotin da ke kama iskar kabon, wanda ake ganin ya fi kowane furotin yawa a doron ƙasa. A tsirrai, babban ɓangarensa kuloroflas ne ke ƙerawa, ƙaramin ɓangaren kuma umarninsa yana cibiya. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Kuma ƙaurar ba ta tsaya ba: a 2003 masu bincike a Adelaide ta Ostireliya suka auna a tsiron taba, suka ga a kimanin ƙwayar garin fure ɗaya cikin 16,000, wani guntun DNA na kuloroflas ya tsallaka cibiya.

Abin mamaki, da alama sau ɗaya wannan haɗiyar ta faru ta haifar da kuloroflas na duk tsirran ƙasa da koren gansakuka da ja. Kuka da rimi da ciyawar bakin rafi duk gadon wannan karon ne. An san wani karo na dabam, ƙarami, a wata halittar ruwa mai suna Paulinella da Robert Lauterborn ya bayyana a 1895, wadda ta haɗiyi tata sayanobakteriyar shekara miliyan ɗari ko kusa da haka da suka wuce. A 2024 kuma aka ba da rahoton wata gansakukar teku da ta mayar da wata bakteriya sashen jikinta mai kamo naitirojin daga iska, aikin da muke sayen takin zamani dominsa.

Sannan akwai haɗiya a kan haɗiya. Wasu halittu ba bakteriyar suka haɗiya ba, gansakukar da ta riga ta mallaki kuloroflas suka haɗiye ɗungurungum. Ana gane su da yawan tantani: maimakon biyu, sai ka ga uku ko huɗu sun kewaye kuloroflas ɗin, kamar ƙullin da aka sake ƙullewa a cikin wata leda. Ta nan ne labarin ya iso gidajenmu.

Kuloroflas a cikin jinin mai zazzaɓi

A 1975 wata mai bincike, Araxie Kilejian, ta ga wani zoben DNA a cikin ƙwayar cutar maleriya ta tsuntsaye. Kowa ya ɗauka na maitokondiriya ne, don me kuma zai zama? Rukunin Iain Wilson a Mill Hill da ke Landan suka shafe shekaru suna karanta irin wannan zoben a Plasmodium falciparum, mai kawo zazzaɓin cizon sauro mafi kisa. Abin da suke gani bai yi kama da maitokondiriya ba. Tsarinsa na kuloroflas ne, sai dai babu ƙwayoyin gadon kama haske. A 1996 suka fitar da cikakkiyar taswirarsa, haruffa kimanin 35,000, kuma a shekarar Geoffrey McFadden da abokan aikinsa suka nuna jakar da zoben yake ciki a wata 'yar uwar cutar, Toxoplasma. Tantani huɗu ne da ita. Aka sa mata suna afikoflas.

Ma'anar wannan ita ce kakannin ƙwayar maleriya halittun ruwa ne masu haɗa abinci da hasken rana, waɗanda suka haɗiyi jar gansakuka, daga baya suka koma zaman cin jinin wasu. A 2008 aka bayyana wata danginsu da aka samo a jikin murjani a gaɓar Sidni, Chromera velia, wadda har yanzu da hasken rana take rayuwa. Schimper kuwa, wanda ya fara rubuta maganar a ƙasan shafi, ya kamu da maleriya a Kamaru da Darussalam lokacin wata tafiyar bincike ta jirgin ruwa, kuma ita ta yi ajalinsa a 1901 yana da shekara 45.

Me ya sa wannan ya shafe ka? Najeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi kisa. Duk wani abu da ƙwayar cutar take da shi wanda jikin mutum ba shi da shi, wuri ne da magani zai iya bugu ba tare da ya taɓa majiyyaci ba. Afikoflas tsohuwar bakteriya ce, da raibosom irin na bakteriya. Shi ya sa magungunan bakteriya irin su doxycycline da clindamycin suke kashe ƙwayar maleriya, abin da likitoci suka daɗe da gani kafin a san dalili. Sai dai kisan nasu na jinkiri ne. Ƙwayar da ta sha maganin takan gama zagayenta na awa 48 a cikin jini lafiya lau, 'ya'yanta ne suke gādon afikoflas da ya lalace su mutu a zagaye na biyu. Don haka kada ka ji wannan ka nufi kemis: ba a maganin zazzaɓin da ya riga ya kama mutum da su su kaɗai, kuma doxycycline ba na masu ciki da ƙananan yara ba ne. Maganin da ke ɗauke da artemisinin, bayan gwajin jini, shi ne dai hanya.

Saura tambaya ɗaya: kuloroflas da ba ya ganin rana, me yake yi wa cutar da ta kasa rabuwa da shi? A 2011 Ellen Yeh da Joseph DeRisi a Kalifoniya suka ba da amsa da wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka zuba wa ƙwayoyin maleriya maganin bakteriya har afikoflas ɗinsu ya ɓace gaba ɗaya, amma suna ƙara musu wani sinadari guda ɗaya mai suna IPP a abincinsu. Ƙwayoyin suka ci gaba da hayayyafa a cikin jini kamar babu abin da ya faru. Da aka janye sinadarin, suka mutu. Ashe a matakin da cutar take cikin jini, wannan sinadarin kaɗai take nema daga baƙon nata. Jikinmu ma yana haɗa IPP, amma ta wata hanya dabam. Cutar tana bin hanyar bakteriya da kuloroflas na tsirrai. Akwai magani mai suna fosmidomycin da ke toshe wannan hanyar daidai. An gwada shi a kan majiyyata a Gabon da Tailan da Mozambik, yana sauke zazzaɓi, amma a ƙananan yara cutar kan dawo bayan 'yan makonni, shi ya sa har yanzu bai shiga jerin magungunan da ake bayarwa a asibiti ba. Ana ci gaba da neman wanda zai fi shi daɗewa a jini.